Kofin Kwinsland: gasar jiha ce ko ta 'yan dagaji, kuma za ta zauna a Kano?

"Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Ɗorayi, na fi shekara biyu ina buga zari-ruga ta mutum bakwai. Kwanan baya na ci karo da bidiyon wani wasa a waya, PNG Hunters da Redcliffe Dolphins, an rubuta Hostplus Cup a gefen allo. Na ƙirga 'yan wasa na ga 13 ne ba 15 ba, kuma ba a jefo ƙwallo daga gefen fili yadda muke yi. Abokina ya ce gasar 'yan dagaji ce kamar NNL ɗinmu, wanda ya ci ya hau NRL. Wani kuma ya ce kofin jiha ne kawai. Wanne ne gaskiya? Yaya aka yi ƙungiyar wata ƙasa take buga kofin jiha? Mu nan Kano za mu iya kafa irinta?"

Ƙanena, barkanmu dai, Allah ya yi wa karatu albarka. Abu uku kake nema: matsayin wannan gasa, wato Kofin Kwinsland, a Ostireliya, abin da ya kai 'yan Papuwa Niyu Gini (PNG) cikinta, da ko tsarin zai zauna a garin nan. Abokan naka kowa ya kama wani gefe na gaskiya, sai dai na farkon ya kauce a wuri mafi muhimmanci, wato batun hawa NRL, babbar gasar ƙasarsu, kuma a nan ne darasin yake.

Ka fara sanin wanda yake ba ka amsa. Ni malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, na daɗe ina horar da yara zari-ruga ina busa musu usur a filayen Kano. Ban taɓa taka Ostireliya ba. Sanina da wannan gasa na mai kallo ne da karatu, da kuma gwada abin da na gani a kan yarana. Sun riga mu da awa tara, wasan da suke takewa ƙarfe uku na yamma ni ƙarfe shida na safe nake kallonsa, bayan na dawo daga masallaci.

Zari-ruga iri biyu ce

Ta mutum bakwai da kake bugawa 'yar gidan yuniyan ce, mai 'yan wasa 15, wadda ita aka fi sani a Kano, ita ce kuma ƙungiyar Barewa ta yi suna a cikinta. Wadda ka gani a waya lig ake ce mata. Uwarsu ɗaya, kuɗi ne ya raba su. A ƙarshen ƙarni na 19 yawancin 'yan wasan arewacin Ingila leburorin masaƙa ne da masu haƙar kwal. Asabar ranar aiki ce, wanda ya bar aiki ya tafi fili an yanke masa kuɗinsa. Ƙungiyoyinsu suka nemi izinin mayar wa ɗan wasa abin da ya rasa, hukumar da ke Landan ta ƙi, ta ce wasan na sha'awa ne ba na neman abinci ba. Ranar 29 ga Agusta 1895 aka yi zama a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle. Tunda yanzu kuɗin ƙofa ne zai riƙe su, dole wasan ya ƙayatar da wanda ya biya, sai suka shiga gyaran dokoki. Suka soke jifa daga gefen fili, a 1906 kuma suka rage 'yan wasa zuwa 13.

Doka ɗaya ce idan ka riƙe ta wasan zai buɗe maka. Masu ƙwallo suna da dama shida. Duk sanda aka kayar da mai ƙwallo, ko aka riƙe shi ya kasa gaba, alƙali ya ƙirga ɗaya. Ba a turmutsutsu a kansa irin namu na yuniyan. Sakinsa ake yi ya miƙe, ya ajiye ƙwallon ya tura ta baya da ƙafa ga abokinsa, masu tsaro kuma su ja baya mita 10, ban da mutum biyu da aka yarda su tsaya a gabansa. Idan aka yi kamu na shida ba su ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Shi ya sa za ka ga bayan na biyar ana doka ta da ƙafa can nesa. Dire ƙwallo a bayan layi maki 4 ne ba 5 ba, bugun da ke biye da shi 2, fenariti 2, bugun da ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa kafin a doka 1. Minti 80 ake yi, 40 kowane ɓangare.

Yadda jiha ta mallaki gasarta

Lig ya shiga Ostireliya a 1908, ya yi saiwa a jihohi biyu na gabas: New South Wales inda Sidni take, da Kwinsland mai babban birni Birisben. Jihohin kudu da yamma wani wasan ƙwallon nasu ne daban ya fi ƙarfi a can. Idan ka ji an ce jiha kada ka auna da namu. Kwinsland ita kaɗai ta kusa ninka Najeriya biyu a faɗin ƙasa, mutanenta kuwa miliyan biyar da ɗoriya ne, ko kusa ba su kai na jihar Kano ba. Daga Birisben zuwa Cairns a arewa kimanin kilomita 1,700 ne a mota, ya zarce Kano zuwa Legas nesa ba kusa ba. Ƙungiya a jirgin sama take zuwa wasan waje, kuma duk a cikin jiha ɗaya.

Gasar kulob-kulob ta Birisben ta fara a 1909, kuma shekaru da yawa ba ta ƙarƙashin kowa. Sidni na da tata, Birisben na da tata, kowacce uwar kanta. Abin da ya karkatar da ma'auni shi ne a 1956 New South Wales ta halatta injinan caca a gidajen kulob. Kuɗi ya kwararo wa ƙungiyoyin Sidni, suka riƙa ɗebe gwanayen Kwinsland. Abin takaicin, a lokacin ɗan wasa jihar da yake aiki yake wakilta, sai ya zama 'ya'yan Kwinsland ne ke sa rigar New South Wales suna lallasa jiharsu. Tun 1959 Kwinsland ba ta sake lashe jerin karawar shekara ba har aka shiga 1980. A Yulin wannan shekara aka gwada sabon tsari, kowa ya buga wa jihar da ya fito. Arthur Beetson ya dawo daga Sidni ya ja ragamar Kwinsland a filin Lang Park, suka ci 20 da 10. Wannan ne mafarin karawar State of Origin.

Ko a tsakiyar shekarun 1980 gasar Birisben tana da nauyinta. Wally Lewis ya zama kyaftin ɗin Ostireliya a 1984 alhali a Wynnum Manly yake wasa, ba a Sidni ba. Amma a 1988 aka shigar da Brisbane Broncos cikin gasar Sidni, ta ɗauki Lewis kyaftin, 'yan kallo da talabijin suka bi ta. Tsofaffin ƙungiyoyin unguwanni suka wayi gari sun koma sahu na biyu ba tare da an ci su a fili ba. Hukumar lig ta Kwinsland, wadda tun 1982 take gwada gasar da ke haɗa birni da karkara, sai ta kafa Kofin Kwinsland a 1996. Toowoomba Clydesdales ce ta fara ɗagawa, ta ci Redcliffe 8 da 6. Sunan da ka gani a allo na kamfanin da ke ɗaukar nauyi ne. Daga 2010 zuwa 2021 Intrust Super Cup ake kiranta, daga 2022 ta koma Hostplus Cup. Gasar ɗaya ce.

Tun 2023, da ƙungiyar Toowoomba ta dawo da sunan Western Clydesdales, ƙungiyoyi 15 ne. A arewa akwai Northern Pride ta Cairns, Townsville Blackhawks, Mackay Cutters da Central Queensland Capras ta Rockhampton. A Birisben da kewaye akwai Norths Devils, Brisbane Tigers, Wynnum Manly Seagulls, Souths Logan Magpies, Redcliffe Dolphins da Ipswich Jets. Sai Sunshine Coast Falcons, Burleigh Bears, Tweed Seagulls, da Hunters ɗin da ka gani. Ana farawa a Maris a ƙare a Satumba. Wanda ya ƙare a saman tebur bai ci kofi ba tukuna, takwas na sama ne ke sake karawa har a kai wasan ƙarshe. Redcliffe ta ɗaga sau shida: 1997, 2000, 2002, 2003, 2006 da 2018.

Inda abokinka ya kauce

Mu idanunmu sun saba da ƙwallon ƙafa. Mun ga Pillars, mai kofin Firimiya huɗu, ta faɗa NNL a 2022, ta hauro a shekarar da ta biyo. A lig ɗin Ostireliya babu wannan. NRL, wadda aka kafa a 1998, rufaffiyar gasa ce. Ta ƙarshe a tebur ba ta faɗuwa, zakaran Kofin Kwinsland ba ya hawa. Ladansa shi ne, tun 2014, ya kara da zakaran kofin New South Wales a ranar wasan ƙarshe na NRL, a fili ɗaya, kafin manya su shigo. Northern Pride ta ci na farko, Ipswich ta ci na 2015.

Wanda yake hawa shi ne ɗan wasa. Kowace ƙungiyar NRL tana da manyan 'yan wasa 30 a rajista, waɗanda ke shiga fili ranar wasa kuwa 17 ne. Sauran ba za su zauna suna kallo ba. Sai ƙungiyar NRL ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiya ɗaya ko fiye a kofin jiha, duk mako ta tura musu waɗanda ba a zaɓa ba, da waɗanda ke dawowa daga jinya, da matasan da ake so su goge. A nan suke haɗuwa da 'yan garin, waɗanda da rana kafintoci ne ko masu gyaran wuta ko malaman makaranta, da yamma su zo atisaye. Yaro ɗan shekara 19 sai ya sami kansa yana karo da magidanci ɗan shekara 30 da ya buga wasa ɗari a wannan mataki. Babu makarantar da ta kai wannan. Cameron Smith, Billy Slater, Cooper Cronk da Greg Inglis, waɗanda suka zama ginshiƙan Melbourne Storm da Kwinsland, duk sun sa rigar Norths Devils kafin duniya ta san su. Daly Cherry-Evans a Sunshine Coast ya yi kakar 2010, a 2011 ya ci kofin NRL da Manly.

Za a ce maka ai Dolphins ta hau. Ta shiga NRL a 2023 a matsayin ƙungiya ta 17, haka ne, amma ba da maki ba. Lasisi ta nema, aka ba ta a Oktoban 2021, saboda kulob ne da aka kafa tun 1947, yana da filinsa, yana da gidan kulob, yana da rukunin shaguna da yake karɓar haya. Wayne Bennett ya horar da ita, ta ci Sydney Roosters a wasanta na farko. Redcliffe Dolphins ɗin da ka gani a bidiyo kuma tana nan a kofin jiha, ba ta tashi ba.

Tsarin yana da illa, ba zan ɓoye ba. Kocin ƙungiyar jiha ba shi da cikakken iko da jerin 'yan wasansa. Wannan makon an turo masa mutum biyar daga sama, ya ajiye 'yan garin da suka yi masa atisaye tun kafin a fara kaka, mako mai zuwa an janye su saboda an ji ciwo a can. Ƙungiyar da uwar ɗakinta ke da wadatar 'yan wasa takan fi wadda ba ta da shi. Duk da haka na fi son wannan a kan kowace ƙungiyar NRL ta kafa 'yan bencinta da sunanta. Mutumin Mackay ba zai kwashi iyalinsa ya je kallon rukuni na biyu na wata ƙungiyar birni ba, amma zai je kallon Cutters, don garinsa ne a rigar. Kuma saboda ƙungiyoyin suna da 'yancin kansu ne ake samun irin Ipswich ta 2015, wadda wa da ƙani, Ben da Shane Walker, suka horar. Sun riƙa take wasa da gajeren bugu don su ƙwato ƙwallo, suna mimmiƙa ta gefe da baya har abokan karawa su gaji, salon da manyan kociyoyi ke tsoro. Da shi suka ci kofi. Na koyi abubuwa da yawa daga wasanninsu, musamman wajen horar da yara marasa nauyin jiki.

Hunters

Papuwa Niyu Gini tana arewa da Kwinsland, ruwa kaɗan ne tsakaninsu, kuma Ostireliya ce ta mulke ta har 1975. A can lig shi ne wasan ƙasa, yadda ƙwallon ƙafa take a wurinmu. Suna da gasarsu ta cikin gida, mai ƙungiyoyi irin su Lae Tigers, Goroka Lahanis da Rabaul Gurias. Matsalarsu tazarar da ke tsakanin wannan gasa da NRL ta yi faɗi, yaro ba zai tsallake ta da ƙafa ɗaya ba. Port Moresby Vipers ta taɓa shiga kofin a 1996 da 1997 ta fita. A 2014 aka dawo da shiri mai kyau: a tattaro gwanayen gasar gida a ƙungiya ɗaya, a ajiye su a sansani suna atisaye kullum, su riƙa karawa da ƙungiyoyin Kwinsland duk mako. Michael Marum ne ya horar da su. A 2017 suka ƙare a saman tebur, suka kai wasan ƙarshe da Sunshine Coast Falcons, aka fara jan su 10 da nema, suka rama, ana dab da tashi Willie Minoga ya dire ƙwallo, kyaftin Ase Boas ya buga ta shiga, aka tashi 12 da 10. Ka nemi mintunan ƙarshe na wasan nan ka kalla. Mako guda bayan haka Penrith, zakarar kofin New South Wales, ta ci su a karawar zakarun jihohi, amma abin da aka je nema an samu. Justin Olam daga Hunters ya fito, ya bi ta Falcons, ya ci kofin NRL da Melbourne a 2020. Yanzu an amince ƙasar ta sami ƙungiyarta a NRL daga 2028, gwamnatin Ostireliya ta yi alƙawarin dalar ƙasarta miliyan 600 cikin shekara goma.

Ba su ne baƙi na farko ba. Tweed Heads a New South Wales take, a kan iyaka, kuma ƙungiyarta ta ci kofin a 2007. Sunan jiha yana nuna hukumar da ke tafiyar da gasar ne, ba katangar da ke hana maƙwabci shiga ba.

To, Kano fa?

Za mu iya, amma ba irinta sak ba, kuma ba daga inda yawancinmu muke son farawa ba.

Ba daga sifili ƙasar nan take ba. Najeriya ta karɓi gasar lig ta yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas a 2019, da Ghana da Kamaru da Maroko, ta lashe, ta sake lashewa a Ghana a 2022. Kano kuma ba ta rasa jiki ko zuciya ba. Garin da ya tashi da kokawa da langa, wanda ake cika gidan dambe, ba sai an roƙi yaransa su yi karo ba. Na sha ganin yaron da ya iya kokawa ya fahimci kamu a yini ɗaya, don ya riga ya san yadda ake sunkuyawa a kama ƙugu. Lig kuma ya fi yuniyan sauƙin koyarwa. Ba ka buƙatar dogaye masu tsalle, ba ka buƙatar ƙattai takwas da suka ƙware a turereniya, wadda ita ce mafi haɗari ga wuyan sabon shiga.

Abin da muka rasa shi ne jadawali mai ɗorewa. Mu gasar yini biyu muka iya: a taru, a raba riguna, babban baƙo ya miƙa kofi, a watse sai baɗi. Ɗan wasan Kofin Kwinsland yana buga wasa wajen ashirin a kaka, kowane mako ya gyara kuskuren makon jiya. Namu yaron yana iya shekara bai buga cikakken wasa biyar ba. Duk sunayen da na lissafa maka a sama wannan maimaicin ne ya gina su.

Na taɓa gwadawa na faɗi, kuma ina so ka ji dalili. Mun haɗa ƙungiyoyi shida da wasu abokan aiki, muka sa gasar a watan Janairu don lokacin babu ruwa babu zafi. Ban yi lissafin ƙasa ba. Da hunturu filayenmu sun bushe sun zama kamar daɓe. A mako na uku wani yaro ya faɗi a kan kafaɗa ƙashin wuyansa ya karye, iyaye suka fara janye 'ya'yansu, kuma suna da gaskiya. Wanda ya yi mana alƙawarin kuɗin mota ya daina ɗaukar waya, ƙungiyoyi biyu da ke nesa suka kasa zuwa. A mako na biyar gasar ta mutu. Yaron ya warke, alhamdu lillahi, amma har yau idan na tuna zaman da na yi gaban mahaifinsa jikina yakan yi sanyi.

Da zan sake, da damina zan sa ta, daga Yuli zuwa farkon Oktoba, lokacin da ciyawa ta fito ƙasa ta yi laushi. Maris zuwa Mayu da su suke farawa, mu zafinmu yakan haura digiri 40, ba lokacin karo ba ne. A duba kalanda kada ta faɗa cikin azumi ko jarrabawa. Fili ɗaya ko biyu masu ciyawa za a nema a cikin gari, duk wasannin mako a yi su a nan rana ɗaya, kuɗin mota ya ragu, mai ba da agajin gaggawa ɗaya ya wadatar, 'yan kallo su san inda za su same mu kowace Asabar. Kada a yi gaggawar cewa sai an haɗa ƙananan hukumomi 44. Ƙungiya huɗu da za su kammala zagaye biyu sun fi goma sha biyu da za su watse a tsakiya. Kuma da mutum tara-tara zan fara, wanda shi ma nau'in lig ne da aka sani, don ƙungiyar 13 tana buƙatar aƙalla mutum 20 masu zuwa atisaye kafin ta iya jure kaka guda.

Batun suna yana da muhimmanci, yana kuma da haɗari. Ƙarfin Kofin Kwinsland shi ne kowace riga gari ce ko unguwa. Mu ma idan aka ce Fagge da Gwale, ko Tarauni da Dala, mutane za su fito. Amma kai ɗan garin nan ne, ka san yadda wasan unguwa yake rikiɗewa ya zama faɗan daba, kuma wannan wasa ne da ake karo da gangan. Shi ya sa nake ganin a jingina kowace ƙungiya da makaranta ko wata cibiya mai shugaba da za a iya tuhuma, a sanar da mai unguwa, a kuma rubuta tun farko cewa ƙungiyar da magoya bayanta suka shigo fili an zare mata maki. A lig kyaftin ne ke magana da alƙali, wanda ya yi masa tsawa a ƙara wa ƙungiyarsa mita 10. Wannan ladabin shi ya kamata a fara koyarwa kafin kamu.

Kuɗi kuwa, a nan dole mu rabu da su. Yawancin gidajen kulob na can da injinan caca suke samun kuɗi, Kwinsland ma ta halatta su a farkon shekarun 1990. Wannan ba hanyarmu ba ce, addini bai yarda ba, kuma su kansu suna kuka da gidajen da caca ta rusa. Abin ɗauka a wurin Redcliffe shi ne shagunan haya, wato kulob ya mallaki abin da ke kawo kuɗi ko an ci wasa ko ba a ci ba. A garin da ke da Kwari da Singa da Sabon Gari, samun ɗan kasuwa ɗaya da zai ɗauki nauyin ƙungiya ɗaya na wata uku ba abu ne mai wuya ba, in dai an je masa da lissafi a rubuce: kuɗin mota, ruwan sha, akwatin magani, ladan alƙali. Na lura sun fi sakin hannu idan suka ga adadi ƙarami bayyananne da sunan shagonsu a riga. Dogaro da alƙawarin mutum ɗaya shi ne ya kashe tawa.

Sai tsani. Gasar Kano ba za ta riƙe yaro mai hazaƙa ba idan bai ga inda za ta kai shi ba. Abin da Hunters suka yi shi ne misalinmu: a ƙarshen kaka a zaɓi gwanaye daga duk ƙungiyoyin, su zama tawagar Kano, su kara da Kaduna ko Zariya ko Jos, daga nan a nemi karawa da Legas inda masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su gan su. Yaro ya ci gaba da zama ɗan ƙungiyarsa ta unguwa, ya je ya dawo. Yadda hukumomin wasanni za su karɓi wannan, da rajista da inshora, ba aikin malamin makaranta ba ne shi kaɗai, sai an zauna da masu riƙe da lig na ƙasa da hukumar wasanni ta jiha.

Ina roƙonka abu ɗaya. Kada ku ɗauko gabar 1895 ku kawo Kano. Masu buga zari-ruga a garin nan ba su da yawan da za a raba su gida biyu. Yaro ɗaya zai iya buga ta bakwai a watanninta, ya buga lig da damina. Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne aka haife shi a Landan, a gasar mutum bakwai ta yuniyan kocin Widnes ya gan shi a 1987. Ya koma lig, Wigan ta saye shi fam 440,000 a 1992, kuɗin da ba a taɓa biya ba a lokacin, ya dire ƙwallo sama da sau 500, yau siffarsa tana cikin mutum-mutumin gwanayen lig a Wembley. Gudu da iya kauce wa mutum a sarari da kake koya yanzu su ne jarinka.

Lafiya kuma ba a sassauci a kanta. Kamu daga kafaɗa zuwa ƙasa ne, wanda ya taɓa wuya ko kai a hukunta shi nan take. Yaron da ya bugu a ka ya tashi yana tangaɗi, ko ya rasa inda yake, ko ya yi amai, ya gama wasa a ranar ko da ya rantse ya warke, kuma ba ya dawowa sai likita ya duba shi. Ƙananan yara ba na fara su da kayarwa. Ƙyalle nake soka musu a ƙugu, wanda aka zare wa nasa an kama shi ke nan, da haka suke koyon ƙirga shida da ja da baya ba tare da an ji ciwo ba.

Kai da ka fito daga ta bakwai, abin da zai fara ba ka wuya ba karon ba ne, ja da bayan nan ne. Ka samu abokai shida, ku ja layi biyu a ƙasa mita 10 tsakani. Ku jeru a layi ɗaya, ku taso tare zuwa na gaba, kowa ya kwanta rub da ciki, ya miƙe, ya koma da baya yana kallon gaba, sau shida a jere. Ku huta minti ɗaya ku sake, har zagaye biyar. Wanda ke tsakiya shi ke kiran tashi, kuma kada wani ya riga layi ko ya makara, don ta gurbin mutum ɗaya ake shigewa. Idan kun yi mako uku kuna wannan sau biyu a mako, sai ku shigo da ƙwallo, mutum uku su riƙa kawo hari, huɗu suna tsaro, ana ƙirga kamun da baki.